'Yan wasan da suka koma bayan kyamara: Daga Oumarou Ganda zuwa Ali Nuhu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura finafinai a waya, ko a nan Zabori ne, ko Gaya, ko Kamba ta Nijeriya, ya san yadda cinikin yake tafiya. Da wuya ka ji wani ya zo ya ce a ba shi fim ɗin darakta wane. Abin da za ka ji shi ne a sa mini na Ali Nuhu, ko akwai sabon na Adam Zango, mai son dariya kuma ya nemi tsofaffin na marigayi Rabilu Musa Ibro. Haka abin yake tun zamanin kaset, lokacin da hoton da ke jikin kwali shi ke sayar da fim, kamar yadda kyan zane ke sa mace ta tsaya a gaban rumfa tun kafin ta tambayi kuɗinsa. Fuska ita ce haja. Sunan mai ba da umarni kuwa yana can ƙasan kwali da ƙananan baƙaƙe, ba mai kula shi.

To amma abin mamaki, masu fuskar nan da ake rububi su ne kuma ke ta ƙoƙarin komawa bayan kyamara, wurin da ba a ganin mutum. Da zarar ɗan wasa ya yi suna, ba a jimawa sai ka ji ya buɗe kamfani, ya sayi kayan aiki, an fara kiransa darakta. Wasu sun dace, wasu kuma sun ƙone jarinsu har da na mutane. Mun ga ya kamata mu duba wannan al'amari a wannan fili, domin kuwa ya shafi 'yan kasuwa maza da mata ta fuska biyu: su ne masu saye da kallo, sa'annan sau da yawa aljihunsu ake zuwa nema idan za a ɗora fim.

Kafin mu yi nisa, bari mu warware wani abu da ke rikita jama'a. Mutum uku ne ke riƙe da fim. Akwai furodusa, wato mai shiryawa, shi ne mai kuɗi ko wanda ya nemo kuɗin, shi ke biyan kowa, riba ko asara kuma a kansa take. Akwai darakta, mai ba da umarni, wanda shi ke cewa a ajiye kyamara a nan, wance ta shigo ta waccan ƙofa, wane ya rage murya, a sake wannan fitowa ko da sau goma ne idan ba ta yi ba. Bayan an tashi daga wurin ɗauka, shi ne kuma zai zauna da mai tace hoto kwana da kwanaki ana yankewa ana haɗawa. Sai ɗan wasa, wanda ake kira ya zo ya yi abin da aka ce, a sallame shi ya tafi. In a kasuwa ne, sai mu ce ɗan wasa kamar yaron kanti ne mai farin jini, wanda saboda shi ake cika kantin, amma da yamma maigida ke ƙirga ciniki. Duk wanda ya taɓa zama yaron wani kuwa ya san abin da ke kwana a ransa, wato ranar da za a sallame shi ya buɗe nasa.

Ɗan dako a Abijan

Mutane da yawa, musamman yaran yanzu, suna zaton wannan abu a Kano aka fara shi. Alhali kuwa mu nan Nijar muna da wanda ya yi shi tun kafin a haifi akasarin jaruman da ake kallo a yau, kuma ya yi shi har duniya ta san da zamansa. Duk wanda ya je Yamai ya ji ana cewa CCOG, to sunan mutumin ne ake ambata: Oumarou Ganda.

An haife shi a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, yankin da ƙasar Biyetnam take a yau. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, sai ya bi hanyar da dubban samarinmu ke bi har gobe, ya tafi ci-rani bakin teku. A tashar jiragen ruwa ta Abijan ya zauna yana dako. A can ne ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ke bincike a kan 'yan Nijar masu zuwa ci-rani, ya ɗauke shi aiki yana taya shi tambayoyi, daga baya kuma ya sa shi a fim. Fim ɗin shi ne "Moi, un noir" na 1958, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville, inda Ganda ya fito a matsayin ɗan ci-rani mai fama da neman abin kai wa baka, kuma da muryarsa aka ba da labarin. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa, ana kuma koyar da shi a makarantun fim har yau. Amma idan aka ambace shi, sunan Rouch ake kira. Rayuwar ta Ganda ce, wahalar tasa ce, muryar tasa ce, fim ɗin kuwa na wani ne.

Ganda ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu koyon aikin kyamara da ke cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya zauna ya koyi aikin daga tushe. Wannan wuri muna so mai karatu ya lura da shi. Tsakanin fitowarsa a fim ɗin Rouch da fim ɗinsa na farko, shekara goma ce cur. Da aka yi gasar rubuta labarin fim a 1968 ya shiga da labarinsa, daga nan aka sami "Cabascabo", fim da harshen Zabarmanci wanda shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi kuma ya fito a matsayin jarumi.

Labarin "Cabascabo" kowane ɗan kasuwa zai gane shi ba tare da tafinta ba. Soja ne ya dawo daga yaƙin Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Nan da nan abokai suka yi masa caa, maroƙa suka taso, mata suka kewaye shi, ana ci ana sha ana kirari. Da kuɗi suka ƙare kowa ya watse, ya nemi aikin lebura ma ana wulaƙanta shi, a ƙarshe ya ɗauki kayan noma ya nufi daji. Wa bai san irin wannan a garinsu ba? Sau nawa muka ga wanda ya dawo daga Kwatano ko Legas da rediyo da sabon keke, kafin damina ta kewayo ya koma cin bashin hatsi? Masu nazarin fim da dama suna kallon "Cabascabo" a matsayin amsar da Ganda ya ba Rouch, wato ga labarin nan yadda mai shi ya gan shi. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na birnin Cannes a 1969, ya kuma sami kyauta a Mosko a wannan shekara.

Bayansa sai "Le Wazzou polygame", labarin wani alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya aure ta ta uku da ƙarfin aljihu, kishi ya tashi a gidan har aka kai ga kisa. Da wannan fim ne Ganda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Ke nan mutum na farko a duk Afirka da ya ɗauki wannan kyauta ɗan Nijar ne, tsohon ɗan dako, wanda karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Ya yi "Saïtane", a kan wani malamin tsibbu mai haɗa matar aure da attajiri, ya kuma yi "L'Exilé" a 1980. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45 da 'yan kai. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya fi iya fim ɗinsa na farko.

A ganinmu abin da ya sa Ganda ya yi nasara bai rasa nasaba da cewa yana da abin faɗa. Bai koma bayan kyamara don a kira shi darakta ba, akwai labarin da ke cinsa a rai wanda ya ga in bai faɗe shi da kansa ba wani zai faɗa masa shi a karkace.

Akwai kuma wadda suka yi aiki tare, Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Moustapha Alassane mai suna "Le Retour d'un aventurier" a 1966, ta kuma fito a finafinan Ganda. Ita ta tsaya a gaban kyamara. An san fuskarta a Afirka da Turai, ta je bukukuwa ƙasashe daban-daban, a gida kuwa ta sha zagi saboda ana yawan ba ta fitowar muguwar mace, jama'a kuma ba sa rabe wasa da gaskiya. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, gidajen silima suka rurrufe, sai aka wayi gari ba ta da komai a hannu. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta a 2004, mai suna "Al'lèèssi", ya nuna ta a wani ɗan gida a Yamai tana fama da ɗawainiyar 'ya'ya, ko famfo babu. Ta rasu a 2021. Ba muna cewa daraktocin zamaninta sun yi arziki ba ne, su ma akasarinsu da ƙyar suka sha. Sai dai su sun bar finafinai da sunansu a jiki, ita kuwa sunanta na cikin kayan wasu.

A wancan fim na 1966 akwai wani saurayi, Djingarey Maïga, wanda shi ma ya fara da wasa, ya zama mataimakin Moustapha Alassane, sa'annan ya fito da nasa, "L'Étoile noire", a 1976. Shi ne mai finafinan nan da kusan kowanne ke da kalmar "baƙi" a sunansa da Faransanci. Ya ci gaba da yi shekara da shekaru, yana tara ɗan abin da ya samu, wani fim ɗin sai ya ɗauki shekaru kafin ya kammala. Ba za mu wuce nan ba sai mun ambaci "Cocorico Monsieur Poulet" na 1974, don masu sayar da kaji su ji daɗi. Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, waɗanda suka daɗe suna fitowa a finafinan Rouch, a wannan karo tare da shi suka tsara fim ɗin, har aka haɗa farkon sunayensu uku aka sa a matsayin mai ba da umarni. Labarin wani mai fataucin kaji ne da wata akwalar mota da ke mutuwa a kowane kwana, ana tura ta, ana kwance ta ana ƙetare kogin Kwara da ita. Duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwar ƙauye da damina zai ce da shi ake.

Kano: kwali da kaset

A Kano kuwa, tun farko ma ba a raba ɗan wasa da darakta da wata katanga ba. Fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko a kasuwar bidiyon Hausa, "Turmin Danya", ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fito da shi a 1990, kuma 'yan ƙungiyar, irin su Ibrahim Mandawari, 'yan wasan daɓe ne da na talbijin. Babu makarantar da aka je. Wanda ya fi daɗewa a harkar, ko ya fi kaifin ido, shi ke gaya wa saura yadda za a yi, gobe kuma shi ma ya shiga gaban kyamara wani ya gaya masa. Mandawari da kansa daga baya ya kafa kamfaninsa yana shiryawa yana ba da umarni.

Da kasuwa ta buɗe sosai, musamman bayan "Sangaya" na 1999 da "Wasila" na 2000, sai kuɗi suka shigo, lissafi kuma ya fito fili. Yadda ake yi a lokacin, furodusa zai gama fim, ya buga kwalaye masu hoton 'yan wasa, ya kai wa dilolin Ƙofar Wambai da Bata. Su za su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a kaset da injinansu, su sayar wa masu sari da ke zuwa daga ko'ina, har da namu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da waɗanda ke biyowa ta Kamba su shigo da shi Gaya. Yawan kwalin da aka saya shi ne cinikin furodusa. Me ke sa dila ya ɗauki kwali da yawa? Fuskar da ke jiki. Shi mai fuskar kuwa an riga an sallame shi tun a wurin ɗauka, ko fim ya yi kasuwa ko bai yi ba, abin da aka ba shi ke nan. Ba sai an yi wa mai hankali dogon bayani ba. Ɗan wasan da ya ga ana loda kwalaye masu hotonsa a mota, dole wata rana ya tambayi kansa me zai hana ya zama shi ne mai kayan.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan lissafi shi ne Ali Nuhu. An haife shi a Maiduguri a 1974, ya tashi a Kano, ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos. "Sangaya" ne ya fito da shi, kuma bai tsaya jiran tsufa ba, tun yana tsakiyar tashe ya kafa kamfanin FKD ya fara ba da umarni, da finafinai irin su "Mujadala". An sha sukarsa, kuma da gaskiyar masu sukar, a kan yawan ɗauko labaran finafinan Indiya ana sa musu riga da hula. Amma akwai abin da ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba, shi ne iya ɗauko yaro ko yarinyar da ba a sani ba ya mayar da su abin kallo. A "Mansoor" na 2017, wanda shi ya ba da umarni, mawaƙi Umar M. Shareef da sabuwar fuska Maryam Yahaya ya ɗora a gaba, kuma fim ɗin ya karɓu. Wannan ita ce alamar wanda ya zama darakta da gaske: ya yarda kyamara ta bar fuskarsa ta koma kan wani. A watan Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta ƙasar, mai hedikwata a Jos. Kafin nan, a 2023, gwamnatin Kano ta ba wani ɗan wasan, Abba El-Mustapha, shugabancin hukumar tace finafinai ta jihar.

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon 2022 an yi wata taƙaddama da ta nuna inda gizo ke saƙa. Dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta yi hira da sashen Hausa na BBC, inda ta ce akan sallame ta da Naira dubu biyu zuwa dubu biyar idan ta fito a fim, bayan shekaru masu yawa tana harkar. Wasu daraktoci, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, suka fito suka musanta, suka ce su kam sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Ba mu ne alƙalan wannan magana ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, yaron kantin jiya yau shi ke bayan kanta, shi ake tuhuma da ƙwarar yara, shi kuma ke kare kansa da lissafin abin da ya kashe. 'Yan kasuwa sun san wannan juyi sarai.

Taura biyu

Sai dai fa kada a ɗauka duk wanda ya iya wasa ya iya ba da umarni. Sana'o'i biyu ne. Ɗan wasa da kansa kawai yake ji: fuskarsa, muryarsa, kalmominsa. Darakta kuwa dole ya riƙe labarin gaba ɗaya a kansa, ya san cewa kukan da ake ɗauka yau da safe zai zo ne bayan faɗan da ba za a ɗauka ba sai jibi, ya lura da rana kada ta faɗi, da janareto kada mai ya ƙare, da mai gidan da aka ara yana tsaye yana duba agogo, da abincin mutum talatin. Idan kuma ya ce shi ne jarumi shi ne darakta, to wa zai ce masa bai yi daidai ba? Yaransa ne ke riƙe da kyamara, ba mai iya buɗe baki. Shi ya sa ake samun finafinan da jarumi ke cikin kowace fitowa, ya yi waƙa huɗu, ya sauya shadda goma, labari kuwa tun a rabin farko ya ɓace. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma 'yan kaɗan ne suka ƙaryata wannan magana.

Ko a Indiya, wadda iyayenmu mata suka fi mu sanin 'yan wasanta, abin ya taɓa kayar da babba. Raj Kapoor ya fara ba da umarni a 1948 bai kai shekara 25 ba, ya kafa kamfaninsa, ya yi finafinan da suka zagaya duniya. Amma da ya zo yin "Mera Naam Joker", wanda ya fito a 1970, ya zuba dukiyarsa, ya shafe kusan shekara shida yana aikinsa, ya sa kansa a tsakiya, fim ya yi tsawon sama da awa huɗu. Jama'a suka ƙi shi, bashi ya yi masa katutu. Abin da ya cece shi shi ne "Bobby" na 1973, inda ya koma bayan kyamara ɗungurungum ya bar wa ɗansa Rishi da wata sabuwar yarinya fagen.

Ban da asarar kuɗi, akwai ta hukuma. Ɗan wasa yakan yi wasansa ya tafi gida, amma wanda sunansa ke kan takarda shi ake nema. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma a zamanin da Abubakar Rabo ke shugabancinta an yi tsanani ƙwarai. Hamisu Lamido Iyan-Tama, ɗan wasa kuma mai kamfanin shirya finafinai, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa hukuncin ɗauri a ƙarshen Disambar 2008, bisa zargin sakin fim ɗinsa "Tsintsiya" ba tare da izinin hukumar ba da kuma rashin rajistar kamfani. Ya musanta zargin, ya shafe watanni a gidan yari kafin a sake shi a 2009, daga baya kuma babbar kotu ta soke hukuncin. Ko da gaskiyarka, kwanan da ka yi a ciki ba mai biyanka.

Ɓangaren mata

Mata fa? A Kano, 'yan wasa mata da suka tara abin hannu sun fi karkata ga zama furodusa, su zuba kuɗi su ɗauko namiji ya ba da umarni. Rahama Sadau, bayan ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kore ta a 2016, da kamfaninta ta dawo, ta shirya "Rariya" a 2017. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yawancinsu aure ke fitar da su daga harkar tun kafin su daɗe su koyi aikin bayan kyamara, sa'annan ba kowane namiji ke yarda mace ta tsaya a kansa tana cewa a sake ba. Mu dai muna ganin wannan asara ce, domin akasarin labaran da ake yi na cikin gida ne, na kishiya da uwar miji da saki, kuma matar da ta iya riƙe rumfa da yara biyar da adashi uku ba za a ce ba ta iya riƙe mutum talatin na mako biyu ba.

A kudancin Nijeriya sun nuna ana iyawa. Genevieve Nnaji, bayan shekara kusan ashirin tana wasa, ta ba da umarnin "Lionheart" a 2018, labarin wata mace da ta riƙe kamfanin motocin sufuri na mahaifinta, ta cece shi ta hanyar haɗa jari da wani attajirin Kano. Sani Mu'azu ne ya fito a matsayin alhajin, Yakubu Mohammed kuma ɗansa, kamfanin Netflix ya sayi fim ɗin. Funke Akindele, wadda aka sani da Jenifa, fim ɗinta "A Tribe Called Judah" da ya fito a Disambar 2023 shi ne na farko a Nijeriya da ya haura Naira biliyan ɗaya a gidajen silima. A nan gida ma muna da mata daraktoci, irin su Rahmatou Keïta da Aïcha Macky 'yar Damagaram, sai dai su ba ta ƙofar wasa suka shigo ba.

Idan aka zo neman jarinki

Yau kasuwar kaset da faifai ta mutu. Satar fasaha da finafinan Indiya masu fassarar Hausa da tura fim a waya sun gama da ita, dilolin da suka yi zamani a Ƙofar Wambai da yawa sun koma wasu sana'o'i. Harkar ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Wannan sauyi ya ƙara tura 'yan wasa bayan kyamara, domin yanzu ba a bukatar dila. Wanda ke da suna zai buɗe tasharsa, mabiyansa su bi shi can. Lawan Ahmad ya yi haka da "Izzar So" tun daga 2020, kuma abin lura, duk da shi ne jarumi kuma mai shiryawa, bai ce sai shi zai ba da umarni ba. Ya bar wa Nura Mustapha Waye wannan aiki har Allah Ya karɓi ran Wayen a 2022.

Kayan aiki ma sun yi araha. Abin da Ganda ya yi shekara goma yana nema, yau yaro a Dosso ko Gaya na iya fara gwada shi da waya mai kyau da makirfo. Muna murna da haka, kuma muna fatan a samu wanda zai ɗauki labaran wannan yanki namu, na masu rake da masu gishirin Foga da matan da ke ƙetare iyaka da kaya a ka, da abin da rufe gadar Gaya da Malanville a 2023 ya yi wa gidaje. Waɗannan labarai ba wanda zai zo daga Kano ya yi mana su.

Amma araha ta sa kowa ya zama darakta, kuma a nan ne maganar ta dawo kan aljihun 'yan kasuwa. Ana zuwa wurin Hajiya mai atamfa ko Alhaji mai hatsi a ce a zuba jari, ga jarumi wane zai fito kuma shi zai ba da umarni, wani lokaci har a haɗa da alkawarin sa ɗanta ko ƙanwarsa a ciki. Sunan jarumin kan sa a manta da tambayar da ko buhun masara ba a saye sai an yi ta. Wanda ya zo miki da wannan magana, Hajiya, ki tambaye shi a ƙarƙashin wane darakta ya zauna ya koyi aiki, kuma shekara nawa. Ki ce ya nuna miki abin da ya taɓa farawa ya gama, domin finafinan da aka fara aka watsar a rabi saboda kuɗi sun ƙare sun fi waɗanda suka fito yawa a wurin sababbin shiga. A ga labarin a rubuce tun daga farko har ƙarshe kafin a fitar da ko dala, a kuma san wanda zai riƙe kuɗin, don bai kamata mai kashewa ya zama shi ne mai lissafi ba.

Sa'annan a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu a kan tashar da za a ɗora fim ɗin. YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma idan ya tashi biya, asusun mai tashar yake turawa, bai san wadda ta sayar da atamfa ta ba da jari ba.